Goron da Mma Fuseina Ta Maido

"To ni me zan ce wa mutane, Yaya? Ka faɗa mini abin da zan ce musu."

"Ka ce musu lafiyata lau."

"Lafiya lau a kan wancan tsohon ƙarfen? Ran nan ina zaune a shago da baƙi daga Bolga, ka zo ka wuce ta gabanmu, sarƙar kekenka tana kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana. Ɗaya daga cikinsu ya ce, 'Alhaji, wancan ba yayanka ba ne?' Wallahi sai da na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur."

"Da ka ce musu ba ka san ni ba, ai da ka huta."

"Yaya, ba wasa nake yi ba."

Buraima ya ga cewa lallai ba wasan ba ne, sai ya ajiye kwanon ruwan da yake yayyafa wa goro, ya goge hannu a jikin rigarsa. Ƙanensa Alhaji Taufiƙ, mai sayar da babura a cikin garin Tamale, yana tsaye a gaban teburin goron, ƙarƙashin itacen nim ɗin nan, wato dogon yaro, da ke bakin masallacin unguwarsu a Moshi Zongo. A bayansa ga wani sabon jan babur, moto kamar yadda ake ce masa a nan, ko ledar sirdinsa ba a cire ba. Idanun Taufiƙ sun yi ja don rashin barci da murna. Matarsa Zuhuratu ta haihu cikin makon nan, ɗa namiji, bayan shekaru masu yawa na jira da magani da addu'a.

"Allah ya yi mini abin da na daɗe ina roƙo," in ji Taufiƙ, "ni ma ina so in yi maka wani abu. Ka raba goron sunan ɗana a kansa. Bayan suna kuma mu zauna. Da moto za ka iya kai goro Savelugu, ka kai ƙauyuka, mu kama maka shago a kasuwa, ka bar zaman gindin itace. Ka haura hamsin fa, Yaya. Sai yaushe?"

Ya miƙo makulli. Buraima ya dube shi, ya dubi fuskar ƙanensa. Ba ya son moto, ba ya son shago, ba ya son Savelugu. Amma ya san Taufiƙ tun yana cikin tsumma. Ya san in ya ce a'a yau, a cikin wannan farin ciki, maganar za ta zauna wa yaron a zuciya kamar ƙaya, ta daɗe ba ta fita ba. Sai ya sa hannu biyu ya karɓa.

"Allah ya ƙara buɗi. Allah ya raya mana shi."

Duk wanda ya tashi a Moshi Zongo ya san Buraima Mai Goro. Dogo ne, ba jiki, da ɗan furfura a gemu, yana tafiya kamar wanda ba a jiransa a ko'ina. Mahaifinsu, marigayi Zubeiru, daga ƙasar Moshi ya gangaro da shanu tun yana saurayi, ya ga Tamale ta yi masa, ya zauna, ya koma sayar da goro. Buraima ma ya taɓa fita nema kamar kowa. Ya yi shekaru a Kumasi yana loda kwandunan goro a manyan motoci, yana kwana a rumfar tasha, yana lissafin ranar da zai wuce Ankara babban birni ko ya haye teku. Sai aka aiko masa cewa tsoho ba lafiya. Ya dawo da niyyar yin wata ɗaya. Tsoho ya rasu ya bar masa tebur, da baƙin keke mai kariya a baya, da ƙaramin yaro Taufiƙ wanda bai gama firamare ba. Watan nan ɗaya bai ƙare ba har yau.

Ya gaji wani aiki kuma da ba a rubuta shi a cikin gado ba. A garin nan, in an yi haihuwa ko za a ɗaura aure, manya ba sa ɗaukar cewa an gayyace su sai goro ya shiga hannunsu, an kuma faɗa musu saƙon da baki. Mahaifinsu ne yake yi wa unguwa wannan zirga-zirga, da ya kwanta sai Buraima ya ɗauka. Yana jin Hausa, yana jin yaren Dagomba da na Moshi, da na Asante daidai na ciniki. Ya san ƙofar kowa, ya san wanda ake fara gaya wa da wanda zai yi fushi in an fara da wani. Da waya ta zo, matasa suka koma tura kati ta wasap, aka ce aikin Buraima ya mutu. Bai mutu ba, ya dai rage. Har gobe akwai gidajen da in ba a kai goro ba, kujerarsu za ta zauna babu kowa ranar taro.

Sa'anninsa kuwa kowa ya kama gabansa. Wasu sun bi ta Libiya, wasu Saudiyya, wasu sun dawo sun gina benaye a Kanvili, wasu ba a sake jin labarinsu ba. Gari ya cika da sauri. In ka tsaya a bakin titi da safe, moto da yalo-yalo, wato keke mai ƙafa uku na haya, suna wucewa kamar an kora su, kowa da waya a kunne, kowa yana cewa yana zuwa yanzu-yanzu. A cikin wannan guguwa Buraima yake taka kekensa a gefen hanya, da ƙullin goro cikin ɗanyen ganye a baya, yana ɗaga wa mutane hannu.

Da ya turo moton gida da yamma, matarsa Alimatu, wadda ke sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida kowace safiya, ta fito ta kama haɓa.

"Baban Kausara, kai ne da wannan? Kai da ko kusa da injin niƙa ba ka son tsayawa?"

"Kyauta ce."

"Na sani kyauta ce. Wa zai hau?"

'Yarsu Kausara ce ta koya masa. Ita nas ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye a bayan gari, ta kuma iya moto kamar yawancin 'yan matan Tamale, duk da ba ta da nata. Ta kai shi filin makaranta, ta yi ta bin sa a guje tana cewa, "Baba, a hankali! Baba, birki yana ƙafarka ta dama!" Kafin magariba ya iya zagaya fili ba tare da ya faɗi ba. Ya dawo gida yana murmushi.

Washegari ya ɗaure goron suna a baya, ya yi bisimilla ya fita. Bai yi nisa ba, a wata babbar mahaɗa, moton ya yi tari ya mutu masa a tsakiyar hanya. Ya danna nan, ya taka can, shiru. Masu yalo-yalo suka taru a bayansa suna ta oda. Wani ya leƙo ya ce, "Tsoho, in na aro ne ka mayar wa mai shi!" Zufa ta jiƙa masa riga. Da ƙyar wata mata mai goyo ta sauka daga nata moton, ta taɓa wani abu, inji ya tashi. Buraima ya yi mata godiya har tana dariya. A nan ya ƙudura a ransa cewa ba zai sake barin injin nan ya mutu ba sai a ƙofar gidansa.

Haka kuwa aka yi. Kowane gida ya isa, sai ya tsaya a waje, ƙafa ɗaya a ƙasa, hannu yana murza mai don kada injin ya mutu, ya yi oda. In an fito ya miƙa goro, ya ɗaga murya sama da ƙarar inji: "Suna gidan Alhaji Taufiƙ, jibi da safe!" Kafin a ce masa ya shigo ya sha ruwa, ya yi gaba. Ya gama Zongo, ya gama Kanvili, ya nufi Gumani can bakin gari, inda gidaje ke haɗe da gonaki.

A Gumani ne Mma Fuseina take. 'Yar Dagomba ce, goggon Zuhuratu, kuma ita ta raine ta tun tana ƙarama, kamar yadda ake ba wa goggo 'yar ɗan'uwanta. Ba wai ba ta san an haihu ba ne. Har asibiti ta je ta ga jariri, ta tofa masa addu'a, ta koma gida tana jiran a zo a kira ta yadda ake kiran uwa. Buraima ya same ta a ƙofar gida tana shanya kuɓewa a tabarma. Ya tsaya, ya yi oda. Kaji suka watse. Tsohuwa ta ɗago ta dube shi, ta tako a hankali. Ya miƙa mata ƙullinta daga kan sirdi.

"Mma, suna jibi! Za a aiko mota!"

Ta karɓa tana kallonsa. Shi kuwa ya juya kan moto, yana murna bai mutu ba.

Aikin da yakan ɗauke shi yini biyu, sai ga shi a gida kafin azahar. Ya kashe inji, ya zauna a tabarma, kunnuwansa suna ta ƙugi.

"Alimatu, akwai abin taɓawa?"

Ta leƙo daga madafi. "Abinci? Ban sa da kai ba. Yaushe ka taɓa dawowa daga rabon goro da yunwa?" Ta kawo masa sauran ƙosan safe, ta zauna kusa. "Yaya ƙafar Mma Sala? Ta fara takawa?"

"Ban shiga ba."

"Matar Yusif fa, ta dawo daga gidansu?"

"Ban tambaya ba."

"To kai ina ka je?"

Ko'ina ya je, amma ba inda ya shiga. Ya ci ƙosan, ya sha ruwa, ya kwanta yana kallon kwanon rufi. Jikinsa bai gaji ba, amma ya ji kamar an yi yinin ba da shi ba.

Da hantsi washegari waya ta yi ƙara. Taufiƙ ne, muryarsa a sama.

"Yaya, me ka ce wa Mma Fuseina?"

"Na ce mata suna jibi, wato gobe ke nan."

"Ta maido goro! Wata maƙwabciyarta ta kawo shi yanzu, ko kwance shi ba a yi ba. Wai a gaya wa Zuhuratu ita ba ta ji an haihu ba, ƙarar inji kawai ta ji. Ga Zuhuratu nan tana ta kuka, ta ce ba mai fito da yaron nan gobe in ba Mma a wurin. Bari in ɗauki mota in je, in sayi atamfa da buhun shinkafa..."

"Kada ka je."

"Yaya, gobe ne fa!"

"Ba atamfa ta rasa ba. Ni na ɓata, ni zan je. Ka ce wa mai jego ta share hawaye ta shayar da yaro."

Ya shiga ɗaki ya sa rigarsa ta Juma'a. Ya zaɓi goro da kansa, farare manya, ya naɗe a sabon ganye. A zaure ya wuce jan moto, ya jawo baƙin keke, ya matsa tayar baya da yatsa, ya ƙara mata iska. Alimatu tana kallo, ta miƙo masa hularsa.

Hanyar Gumani ta yi masa daɗi ranar nan fiye da kullum, duk da abin da ke ransa. Damina ta ja baya, masara ta bushe a tsaye, mata suna tafe da itace a ka. Tun daga nesa ya sauka, ya turo keken da hannu, ya jingine shi a jikin katanga. Ya cire takalma a bakin zaure, ya yi sallama. Mma Fuseina tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, da ƙwaryar gyaɗa a gabanta tana ɓarewa. Ya tako ya durƙusa, ya gaishe ta da yaren Dagomba.

A al'adarsu, babba ne yake jero tambayoyin gaisuwa, ƙarami yana durƙushe yana amsawa da "naa". Tsohuwa ba ta jero komai ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗa kamar iska ce ta shigo.

Buraima ya ɗan jima a durƙushe. Da ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai ya zauna a ƙasa, ya jawo ƙwaryar kusa, ya ɗebi gyaɗa ya fara ɓarewa. Zabi suna ta kai da kawowa. Inuwar katanga ta matso har ta rufe ƙafafunsu. Da ƙwarya ta kusa ƙarewa, tsohuwa ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata cike, ta dire a gabansa.

Can dai ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Ina jakin naka mai hayaƙi?"

"Na bar shi a gida, Mma."

"Ya gaji?"

"Ni ne na gaji da shi."

"Hmm. Ku Moshi haka kuke. Jikokinmu ne ku, mun sani, amma ba a taɓa gama renonku. Babanka da jaki na gaske ya zo garin nan, amma in ya zo gidan nan a waje yake barin sa." Tsakanin Dagomba da Moshi akwai wasan kaka da jika, kuma da Buraima ya ji ta shiga wasan, sai ya san ƙofa ta fara buɗewa.

"Mma, tsoro ne ya sa. In na kashe shi ban iya tayar da shi."

Ta tsaya da ɓara. "Ba ka iya tayar da shi ba?"

"Wata mai goyo ce ta tayar mini a tsakiyar titi."

Tsohuwa ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya fi ƙarfinta. Ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi. "Ƙato da gemu! Ni kuwa na ce Buraima ya samu duniya, ya fi ƙarfin ya sauko ƙasa." Ta juya ta ƙwala kira a kawo masa ruwa. Sannan ta gyara zama, ta fara: yaya gida, yaya Alimatu, yaya 'yar nan mai allura, yaya kasuwa, yaya gajiyar hanya. Shi kuwa ya koma durƙushe yana "naa, naa, naa," yana jin kowace ɗaya tana sauka masa a ƙirji kamar ruwan sanyi.

Bai yi saurin fito da goro ba. Suka ci gaba da gyaɗa. Ta ba shi labarin ciwon ƙugunta, da akuyar da ta ɓata, da yadda Zuhuratu take tsoron zabi tana yarinya. Sai ta kalle shi ta gefen ido.

"An ce ƙanenka gidansa har da bene. Kai kana ina?"

"Gidan babanmu."

"Yana zuba?"

"Ɗaki ɗaya, in ruwa ya zo ta gabas. Mun san inda ake ajiye kwano."

"Kuma in ka ga sa'anninka a manyan motoci, ba ka jin komai? Kada ka yi mini wa'azi, ni ba yarinya ba ce."

Ya murza ɓawo a hannu. "Da ina ji, Mma. Akwai shekarun da in wani ya dawo daga waje, nakan kasa cin tuwo ranar. Ban san lokacin da abin ya tafi ba. Kamar ciwon haƙori ne, wata rana kawai ka farga kana tauna nama da wancan gefen. Yanzu in na tashi da asuba gwiwata ta ɗauke ni zuwa masallaci, na dawo Alimatu ta zuba mini kokon farko, na fita, duk gidan da na shiga a garin nan akwai mai ce mini zauna. In na kwanta barci yana zuwa. Na duba, na duba, ban ga abin da zan ce wa Allah ya rage mini ba. Jiya ce kawai na yini a gari ko ruwan gidan wani ban sha ba."

"To ka gaya wa ƙanenka mana."

"Shi ne abin da ban iya ba. Ya fi tayar da moto wuya."

"Ka dai gaya masa. Yanzu faɗi abin da ya kawo ka, rana tana tafiya."

Buraima ya kakkaɓe hannu, ya ciro ƙullin goro, ya durƙusa sosai, ya riƙe shi da hannu biyu.

"Alhaji Taufiƙ, ɗan marigayi Zubeiru na Moshi Zongo, shi da iyalinsa suna gaishe ki. Allah ya sauki 'yarki Zuhuratu lafiya, an samu namiji. Gobe da safe za a raɗa masa suna a Kanvili. Sun ce ke kika raini uwar, ke za ki fito da ɗan. In ba ki zo ba, ba su da wanda zai tsaya a wurinki."

Tsohuwa ta karɓa, ta kwance ganye, ta zaɓi ɗaya ta ɓantara, ta ba shi rabi ta jefa rabi a baki.

"Ashe an haihu," in ji ta. "Allah ya raya. Ka ce wa Alhaji ya aiko motar nan tasa mai sanyi tun da wuri. Kada ka ga na yi faɗa da moto ka zaci a bayan kekenka zan zauna da wannan ƙugun."

Da gari ya waye Kanvili ta cika. An kafa rumfuna a titi, an yanka rago, mata suna ta kai da kawowa da manyan tukwane na shinkafa da wake. Liman ya yi addu'a, aka sanar da sunan yaro: Zubeiru, sunan kakansa. Mma Fuseina ce ta fito da shi a naɗe cikin farin zane, tana tafe a hankali kamar sarauniya, Zuhuratu a bayanta tana dariya da hawaye tare. Da aka miƙo wa Buraima jaririn, ya duba 'yar fuskar ya ce a hankali, "Baba, sannu da dawowa."

Sai da jama'a suka ragu ya samu ƙanensa shi kaɗai a bayan gidan, zaune a kan buhun gawayi da babbar rigarsa, ya cire takalma yana shan iska. Buraima ya zauna kusa da shi, ya ciro makulli daga aljihu, ya riƙe a hannu bai miƙa ba tukuna.

Taufiƙ ya kalli makullin. "Na sani. Mma Fuseina ta tare ni tun a mota. Har da labarin mai goyo."

"Ba raina kyautarka na yi ba."

"Yaya, dubi nan." Ya ɗaga ƙafa ya nuna wani tsohon tabo a dundunyarsa. "Ka tuna? Wancan keken naka ne ya ci mini ƙafa, kana kai ni makaranta. Kullum kai ne a gaba kana takawa, ni ina baya a zaune. Ka bar Kumasi saboda ni. Yanzu Allah ya ba ni, kuma ka ce ba ni da abin da zan ɗauke ka da shi? Ba maganar mutane ce kawai ba. Abin yana damuna."

Buraima ya ji maganar har cikin ransa. Ya daɗe yana juya makullin.

"Ban bar Kumasi na yi asara ba, Taufiƙ. Duba abin da na samu," ya nuna shi da haɓa, "Alhaji guda, da tumbi."

"Yaya!"

"Tsaya ka ji. In ɗaukata kake so ka yi, ka ɗauke ni ta inda nake da nauyi. Kullum da safe Kausara tana tsaye a bakin titi tana jiran abin hawa zuwa ƙauyen nan. Wata rana ta samu, wata rana ta yi rabin hanya a ƙasa. In ta yi yamma ba ta dawo ba, ni da uwarta ba mai iya zama. Wannan shi ne abu ɗaya da yake hana ni sakewa. Ka ba ta da hannunka, ka ce daga babanta ƙarami."

Taufiƙ ya karɓi makullin, ya dube shi. "Me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Kullum in ka zo, injinka a kunne yake."

Taufiƙ ya fashe da dariya, ya dafa kafaɗar yayansa. "To kai fa? Kai kanka, ba ka son komai?"

"Ina so. Tayar baya ta suɗe, sarƙa kuma ka ji kukanta da kunnenka. Sannan ranar Juma'a in an sauko, ka zo gida mu ci tuwon Alimatu, ka bar wayar a mota. In Baba ya yi ƙwari ka zo da shi, ya ga gidansa."

"Da ɗakin da ke zuba. Shi ma Mma ta faɗa mini. Wannan kam ba shawararka nake nema ba."

"To, na ji. Amma ka bar mini kwanon, mun saba."

"Baƙin Bolga fa, in sun sake tambayata?"

"Ka turo su su sayi goro."

Suna cikin haka aka ji ihun Kausara daga tsakar gida, don wata ta riga ta kai mata labari. Buraima ya miƙe, ya kakkaɓe bayan rigarsa.

"Ina kuma za ka? Ko nama ba ka ci ba."

"A ajiye mini. Gidan Majeed tela suna aurar da 'ya ranar Lahadi, tun jiya goronsu yake jirana. Ga Mma Sala kuma, ina so in ga ƙafar nan tata, in ba haka ba Alimatu ba za ta bar ni in shiga gida ba."

Ya fita ta ƙaramar ƙofa. Kekensa yana jingine a tsakanin motocin baƙi. Ya naɗe ƙafar wando, ya kama kan keken, ya tura shi a ƙasa yana gaisawa da mutanen da ke rumfa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai bakin titi.